Hannu a Baya

Masu karatu, ku gyara zama, yau kam da abin faɗa na zo. Wasunku sun yi ta turo min tambaya wai ina labarin Jan Biro, ko ɓatawa muka yi da aka ji ni shiru kwana biyu. Ba mu ɓata ba tukuna. Amma na yi masa abin da Gwaggona ta ce ba a taɓa yi wa namiji irinsa ba a kaf danginmu, kuma in gaya muku gaskiya, har yanzu da nake wannan rubutu ban ji ko ɗigon nadama ba.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, ni malamar firamare ce, 'yan aji biyu na saba koyarwa. Jan Biro kuwa shi ne mai nemana da aure, hedimasta ne a wata makaranta can gefen gari, irin makarantar da duk shekara sai an kira sunanta idan sakamakon jarrabawa ya fito. Ni na raɗa masa sunan, haka ma na ajiye shi a wayata, don ban taɓa ganin aljihun rigarsa babu jan biro a soke ba. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauka wani abu. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ranar da ya fara shiga falonmu gaida Abba, kafin Abba ya fito sai da ya miƙe ya daidaita mana agogon bango. Gwaggo da ke leƙe ta bayan labule ta dawo kicin tana rawar kai tana cewa, "Wannan shi ne miji, tun bai shigo dangi ba ya fara gyara."

Tun bara aka ɗauke ni daga aji aka haɗa ni da wani ƙaramin kwamiti a ofishin ilimi na shiyyarmu. Aikinmu shi ne mu tsara yadda za a horar da malaman firamare na shiyyar baki ɗaya, su koyi kallon yaro a matsayin mutum sukutum, ba ƙoƙon kai kawai da ake ɗura wa karatu ba. Ya karya kafin ya fito? Ya yi barci? Da wa yake wasa, wa yake tsoro, me ya sa yau ya yi shiru? Shugabarmu wata dattijuwa ce da muke kira Dakta, gajeriya mai farin tabarau, wadda in ta cire tabaran ta ajiye a tebur kowa ya san musu ya ƙare. Watanni muka yi a wani ɗaki mai fanka ɗaya da ke kuka, muna rubutawa muna yagawa. Ni ce ƙaramarsu, sau da yawa ni ake aika in karɓo shayi, amma in aka zo maganar abin da ke faruwa a cikin aji ba na barin kowa ya taka ni.

Sashen da na kawo, wanda na yi ta karewa har muryata ta dushe, shi muka sa wa suna Hannu a Baya. A baki abin ba wuya. Za a zaunar da malami a ƙaramar kujerar yara kusa da yaro ɗaya, a ba yaron ɗan wani aiki, malamin ya mayar da hannayensa baya ya yi shiru yana kallo har a kaɗa ƙararrawa. Ba magana, ba nuni da ido, ba gyaran murya. Bayan nan sai ya faɗa mana abin da ya gani. Duk wanda ya taɓa ko ya yi magana zai tashi ya koma bayan aji ya tsaya, ya jira wani zagayen ya sake daga farko. Ranar da na fara kawo shawarar wani abokin aikinmu ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce wane hedimasta ne zai yarda yarinya kamata ta tsayar da shi a bayan aji. Na ce masa ai haka su ma suke tsayar da yara kullum, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yaran ko sun yarda. Dakta ta cire tabarau ta ajiye, sashena ya shiga.

Sai dai da sharaɗi. Za a yi makon gwaji, a tara malamai da hedimastoci daga sassan shiyya, manyan ofis su zauna su gani da idonsu. Duk sashen da bai yi aiki ba za a cire shi kafin a fara kai horon gari-gari. Dakta ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, sashen nan naki ƙa'idarsa ce ransa. Ranar da kika ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, sauran za su ce dama wasa ne." Na ce mata ba za ta ji kunya ba. Da ƙarfin gwiwata na faɗa, don ban san wa za a turo min ba.

Ana jibi za a fara, ina zaune a tsakar gida ina wanke marafan kwalba da na yi ta bin masu shaguna ina roƙa saboda aikin yaran, sai wayata ta yi ƙara, saƙon Jan Biro ya shigo.

"Malama, barka da yamma. An turo ni bitar gwaji. Ashe ɗalibinki zan zama."

Da kumfa a hannuna na ɗauki wayar. Na karanta sau biyu, dariya ta kama ni.

"Ka san ajina akwai doka," na rubuta.

"Ni da nake kafa wa mutane doka?"

"Wannan ta zama shiru ce. Ba ka taɓa komai, ba ka gyara komai."

"Mai sauƙi. Ki tanadi kyautar wanda ya zo na ɗaya."

Har da haɗawa da 'yar fuskar nan mai baƙin tabarau. Na ce a raina, bawan Allah, ba ka san kanka ba.

Umma na faɗa wa, a hankali, tana ninke wanki a kan tabarma. Na manta Gwaggo, yayar Abba da ke zaune da mu, tana da kunnen da ke jin motsin cokali daga ɗaki na uku. Sai ga ta ta fito da ɗankwali a hannu.

"Tsaya, tsaya. Shi zai zauna a kujerar yara, ke kina tsaye a kansa?"

"Kowa haka zai zauna, Gwaggo."

"Shi kowa ne? Mutumin da ake maganar tsayar muku da rana da zarar an yi hutu?"

Umma ba ta ɗago ba ta ce, "In ya yi kuskure fa?"

"Sai ya tashi ya koma baya, kamar kowa."

Gwaggo ta nemi bokitin da ke kife ta zauna a kai. "Ke dai karatu ya gama da ke. Ki ce musu ciwon kai kike, wani ya yi. Ko kuma ki yi kamar ba ki gani ba, ido ai naki ne. Kin san uwarsa kuwa? Matar da ta yi shekara da shekaru tana shugabancin makaranta, har yau tsofaffin ɗalibanta masu furfura in sun hango ta sai sun gyara tsayuwa. Ita za ta ji an tsayar mata da ɗa a bayan aji kamar ɗalibin da ya makara? Ƙannenki biyu suna ɗakunansu, ke kina nan kina wankin marafan kwalba, ga miji ya zo har gida kina shirin korarsa da ƙararrawa."

Na ci gaba da ɗauraye marafaina. Umma ta ɗora rigar Abba a kan sauran kayan ta danne da tafin hannu, ta ce, "Allah ya sa dai kada ya taɓa."

Ranar farko na saka doguwar rigata ruwan toka mai ɗan aiki a wuya, na yafa mayafi ruwan ƙasa, na sa takalmi maras tsini saboda aikin akwai yawan durƙuso. Na zizara kwalli, na goge don kada a ce don shi na yi, na kalli madubi na sake zizarawa. Ku bar ni, ni ma mutum ce.

Babban aji aka ara mana a wata firamare kusa da ofis. Mun fitar da bencina, mun shimfiɗa tabarmi, mun jera ƙananan kujeru masu launi. A can baya aka ajiye manyan kujeru uku na manyan ofis, su kaɗai. Malamai suka yi ta shigowa, wasu daga garuruwa masu nisa da ƙurar mota a jakunkunansu. Wani hedimasta mai tumbi ya tsaya ya ƙare wa kujerun kallo, ya tambaye ni ko babu wadda ta ɗan fi wannan. Na ce masa duk uwarsu ɗaya. Ya zauna gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, aka yi dariya, shi ma ya yi.

Sai ga Jan Biro cikin farar riga da guga ta kwanta mata har tana ƙyalli, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Ina kwana, Malama."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ga wuri."

Na ga wasu malamai mata biyu suna zungurar juna. To, labari ya riga ya zaga, rabin ajin nan sun san ko shi wane ne a wurina.

Aka shigo da 'yan aji ɗaya a layi. Shi ya samu wata 'yar siririya mai giɓi a gaba, safarta ɗaya ta zame har idon sawu. Aikinta tulin marafai ne da kofuna uku, na durƙusa na ce mata ta raba musu daidai yadda ta ga dama. Na tashi na kaɗa ƙararrawa, hannaye suka koma baya, aji ya yi tsit sai ƙarar marafai.

Ina zagayawa ina satar kallon wurinsu. Yarinyar nan ba ta bi hanyar da kowa ya sani ba. Ta zube marafan a tabarma, ta ware jajaye gefe, ta jera sauran a dogon layi tana motsa leɓe. Can sai ta ɗauki kofi ɗaya ta kife shi, ta ɗora jan marfi a kansa, ta fara kewaye shi da sauran. Ta duƙufa, har harshenta ya ɗan leƙo ta giɓin. Na kalli Jan Biro na ga kafaɗarsa tana motsi. Ya kalli silin ya dawo da idonsa kan kofin. Na ce a raina, ka yi wa Allah ka daure.

Bai daure ba. Hannunsa na dama ya fito, yatsu biyu kacal, ya birkice kofin ya tsayar da shi daidai kusa da 'yan uwansa, ya mayar da hannun baya. Ko ƙiftawar ido abin bai kai ba. Manyan ofis ba su gani ba, ɗaya yana rubutu biyu suna raɗa. Amma mai tumbi ya gani, matan nan biyu ma sun gani, kuma duk suka juyo suna kallona.

Wallahi na ji muryar Gwaggo a kunnena tana cewa ido ai naki ne. Na ji son mutumin nan ya taso min har wuya, na tuna yadda ya yi ta murna da zuwa ajina. Kau da kai kawai zan yi in wuce kujera ta gaba. Har na ɗaga ƙafa, sai idona ya faɗa kan yarinyar. Ta janye hannayenta duka biyu ta cusa a tsakanin cinyoyinta, ta mayar da harshenta, ta ɗaga kai tana kallon fuskarsa tana jiran ya gaya mata abin da za ta yi. Marafan na nan a zube ba wanda take taɓawa.

Na ƙarasa gabansa na tsaya.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa. Sai a koma baya."

Ya ɗago ya kalle ni kamar bai ji daidai ba. A hankali ya ce, "Kofin ne kawai ya..."

"Na gani. A koma baya, sai zagaye na gaba."

Tashi daga kujerar yara ba abu ne da ake yi da daraja ba, sai da ya dafa ƙasa. Ya kakkaɓe wandonsa, ya bi ta tsakanin tabarmi kowa na kallonsa ta wutsiyar ido, ya je ya tsaya jikin bango a ƙarƙashin zanen da yara suka liƙa, dab da manyan ofis. Fuskarsa ba yabo ba fallasa, amma na san shi, na san abin ya shige shi.

Daga nan ba wanda ya sake ko motsi. Mai tumbi ya riƙe tsintsiyar hannunsa ta baya gam har zufa na bin wuyansa. Da aka zo faɗin abin da kowa ya gani, wata dattijuwar malama daga wani gari mai nisa ta ce yaron da aka ba ta da hagu yake komai cikin sauri, amma da ya lura tana kallonsa sai ya koma dama, aikin ya lalace masa. Ta ce ita da ta kusa ritaya ba ta taɓa zama ta kalli yaro ɗaya tun daga farkon aikinsa har ƙarshe ba sai yau. Wani ya ce nasa yaron hamma yake ta yi, da aka tambaye shi ashe bai karya ba. Hannaye suka yi ta tashi, kowa na son ya faɗi nasa. Ɗaya daga cikin manyan ofis ya daina rubutu ya jingina yana saurare.

Jan Biro bai jira zagaye na biyu ba. Wurin Dakta ya je, ba wurina ba, ya ce an kira shi daga makaranta. Ta taga na hango farar rigarsa tana fita ƙofar makarantar.

Da aka tashi Dakta ta tare ni a baranda. Ta ce, "Na ga abin da kika yi, na kuma san ko wane ne." Ta dafa kafaɗata ta wuce. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba. Na fito ƙofar makarantar nan ina jin na isa, sai da na shiga mota na duba waya na ga ba saƙonsa sannan jikina ya yi sanyi.

Labari ya riga ni isa gida. Wata a cikin malaman ta tura saƙon murya a guruf, ya bi ta kan surukar maƙwabciyarmu ya faɗo kunnen Gwaggo. A bakin ƙofar falo na same ta ta kafa kujera.

"Sannu da zuwa, shugabar hedimastoci."

"Sannu da gida, Gwaggo."

"An ce har da nuna masa bango da yatsa."

"Ban nuna ba."

"An ce kin ce ya ɗaga ƙafa ɗaya."

"Gwaggo, wa ya faɗi haka?"

"Ko ma wa ya faɗa, gari ya ɗauka. Ɗauko wayar nan yanzu ki kira shi ki ba shi haƙuri. Ki ce kuskure ne, ki ce shugabarku ce ta tilasta ki. Namiji yana yafe komai ban da a kunyata shi a gaban mutane."

"Ba zan ce kuskure ba ne, don ba kuskure ba ne."

Ta ɗora hannu a ka ta fara kiran sunayen matan danginmu da suka yi haƙuri suka ga riba. Ana cikin haka Abba ya shigo daga kasuwa yana cire takalmi. Gwaggo ta juya kansa ta zazzage masa labarin, da na gaskiya da na ƙari. Ya saurara har ta gama, sannan ya kalle ni.

"Ya taɓa ko bai taɓa ba?"

"Ya taɓa, Abba."

"To," in ji shi, ya shige ɗakinsa.

Gwaggo ta bi shi da ido baki buɗe. "To? To kawai za ka ce? Ai shi ke nan, a bakinka ta samo."

A kicin Umma ta miƙo min kofin shayi ta zauna kusa da ni a kan 'yar kujera. Tana juya cokali a nata kofin ta ce, "Kina son sa?"

"Ina son sa, Umma. Sosai."

"To kin san zai iya tafiya."

"Na sani. Amma in sai na rufe ido zai aure ni, rufe idon ba zai tsaya a aji ba."

Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta gyara min mayafina da ya zame ta ce in sha kafin ya huce.

Waya kuwa na duba ta har na ji kunyar kaina. Ina ganinsa a kan layi, in ga alamar yana rubutu, sai ta ɓace. Na kife wayar a kan gado, na ɗauko, na sa ta a ƙarƙashin matashi, na sake ɗaukowa. Bayan magariba ta yi ƙara. Ba sallama, ba Malama, ba 'yar fuska.

"Yarinyar nan. Me take shirin yi da kofin da ta kife?"

"Ban sani ba," na rubuta.

"Ba ki tambaye ta ba?"

"Na tambaya bayan ka tafi. Ta ce ta manta. Ta ce naka ne daidai."

Na ga alamar ya karanta.

Washegari na shirya ba kwalli ba komai, na riga na ba kaina haƙuri cewa kujerarsa za ta zauna ba kowa. Ina isa na same shi a ƙofar aji, ya riga mai shara ma zuwa. Riga shuɗiya ya sa, idanunsa kamar bai yi barcin kirki ba. Bai yi min murmushi ba.

"Malama, ana bina zagaye ɗaya. In da hali a ba ni yarinyar jiya."

"Za a ba ka, ranka ya daɗe."

Aka kawo ta, safar yau ma a zame. Tana ganinsa ta gyara zama. Na kaɗa ƙararrawa. Ta jera kofunan nan uku a tsaye reras, ta fara jefa marafai ɗaya bayan ɗaya, ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya nan. Duk marfin da ta jefa sai ta ɗago ta kalli fuskarsa kafin ta ɗauki na gaba. Ba ware jajaye, ba dogon layi, ba motsa leɓe. Tun kafin ƙararrawa ta gama, ta naɗe hannu tana jira. Rabon ya yi daidai, ko ni ba zan iya cire mata maki ba. Shi kuwa hannayensa na baya, ya sarƙe yatsunsa har sun yi fari, bai ko ƙifta ba.

Da aka fitar da yara na bi layi ina tambaya, har na zo kansa.

"Ranka ya daɗe, me ka gani?"

Matan nan biyu har da miƙa wuya.

"Na ga yarinya tana yi min aiki," ya ce. "Jiya kanta take yi wa." Ya ɗan tsaya ya kalli sauran hedimastocin. "Ina da irinta cike da makaranta. Duk suna cin jarrabawa, duk kuma fuskar malami suke kallo kafin su ajiye biro. Ni nake ba su kyauta a kan haka." Sannan ya juyo gare ni. "Malama, ina roƙon a ba ni ita gobe ma, da jibi, har ranar da za ta sake kife kofin nan a gabana."

Na ce, "An ba ka," na yi sauri na juya wurin allo kamar akwai abin da zan goge, don idona ya cika. Alfahari nake ji da sashena, alfahari nake ji da kaina, kuma karon farko na ji ina alfahari da shi ba don gugar rigarsa ba.

Kafin hutun shayi manyan ofis suka yi sallama, sun ce sun ga abin da suka zo gani. Babbansu ya tambayi Dakta malamai nawa za a iya yi wa wannan a zango ɗaya, ya ce da shi za a riƙa buɗe horon a kowane gari. Dakta ta nuna ni ta ce ga mai shi nan. Aka kwashe manyan kujerunsu aka mayar ofishin makarantar.

Ina tsaye a baranda da kofina ina jin kamar in kira Gwaggo in sa mata a kunne, sai wayata ta yi ƙara. Shi ne, alhali ga shi can tsallaken fili a gindin bishiya tare da mai tumbi.

"Hajiyata ta ji komai. Ba ni na faɗa mata ba."

Na ajiye kofin na rubuta, "Me ta ce?"

"Ta sa na maimaita mata sau biyu, ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Na ce zan kawo ki gida ki gaishe ta, ta ce a'a. Gobe za ta zo ajin da kanta. Ta ce a tanadar mata wurin zama."

Masu karatu, matar da masu furfura ke gyara wa tsayuwa ce za ta shigo ajina gobe, kuma ko ɗan da ta haifa bai san da wace fuska za ta zo ba. Na rubuta masa cewa za a kawo mata kujera daga ofis, na kalli rubutun na goge. Na rubuta cewa gobe ba ni da lafiya, na goge wannan ma ina jin haushin kaina. Sannan na rubuta na uku.

"Ka gaishe min da ita da kyau. Ka ce mata tana da wuri, amma ajina ƙananan kujeru ne."

Na tura kafin tsoro ya riƙe min yatsa. Daga can gindin bishiyar na ga ya duba wayar, ya daɗe yana kallonta, ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya matsa gefe daga wurin mai tumbi, ya danna lamba ya kara a kunne.